Keken Tsere, Keken Yawo da Keken Kaya: Tarihin da Ya Kamata Mai Komawa Hawan Keke Ya Sani

0. Gabatarwa

A garuruwanmu na kudancin Nijar, daga Doso har Damagaram, akwai magidanta da yawa waɗanda keke ne ya kai su makaranta suna yara, daga baya babur ko mota suka raba su da shi shekara ashirin ko talatin. A yau wasu daga cikinsu suna waiwayar keke, galibi bisa shawarar likita, saboda hawan jini ko ciwon suga ko ƙiba. To, idan irin wannan magidanci ya shiga wurin masu sayar da kekunan gwanjo, abin da ya fi ɗaukar idonsa shi ne siririn keken nan mara nauyi, mai kai lanƙwashe kamar ƙahon rago, wanda Faransawa ke kira vélo de route, mu kuwa muke ce masa keken tsere. Sau da yawa cinikin kan ƙare da da-na-sani: ciwon baya da na wuya, zuwa wurin mai faci kullum, daga ƙarshe a jingine keke a zaure, kuɗi sun tafi, lafiyar da aka fito nema kuma ba a samu ba.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa wannan matsala tana da tarihi. Keken da muke gani a kasuwa a yau ya fito ne daga zuriya uku: zuriyar tsere, da zuriyar yawo, da zuriyar ɗaukar kaya. Kowace an ƙera ta domin wani irin mutum da wata irin hanya. Bahaushe ya girma da ta ukun, idonsa yana kan ta farkon, alhali abin da jikinsa ke bukata ya fi kusa da ta biyun. Za mu bi waɗannan zuriyoyi ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu ga abin da tarihinsu ke koya wa mai saye.

1. Asalin siffar keke (1817-1891)

A shekarar 1817 ne wani Bajamushe, Karl von Drais, ya fito da wani abin hawa na itace mai ƙafa biyu a garin Manhayim. Ba shi da feda, mahayi yana tura ƙasa da ƙafafunsa ne. Sai a shekarun 1860 aka ɗora feda a jikin ƙafar gaba, a birnin Faris, inda gidan Michaux ya yi suna da wannan sana'a. Tun daga nan tsere ya biyo baya: a shekarar 1869 aka yi gasa daga Faris zuwa Ruwan, tazarar kilomita 123, wani Baturen Ingila mai suna James Moore ya cinye ta cikin sama da awa goma.

Da yake fedar tana manne da ƙafar gaba, juyi ɗaya na feda juyi ɗaya ne na ƙafar. Saboda haka duk mai son sauri sai ya ƙara girman ƙafar gaba. Wannan shi ya haifar da dogon keken shekarun 1870, wanda mahayinsa ke zaune can sama, in ya yi tuntuɓe ya faɗo ta ka. Keke ne na samari masu ƙarfi da ƙarfin hali, dattijo ba ya kusantarsa.

Abubuwa biyu suka kawo ƙarshen wannan zamani. Na farko, a 1885 John Kemp Starley na garin Kobentiri a Ingila ya fito da keken Rover, mai sarƙa da ke juya ƙafar baya, wanda ya sa aka iya rage tsawon keke ba tare da an rage saurinsa ba. Na biyu, a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfas, ya yi tayar da ake hura wa iska. A 1891 gidan Michelin na Faransa ya fito da tayar da ake iya cirewa a yi mata faci a mayar, kuma da irinta Charles Terront ya cinye tseren Faris zuwa Bires da dawowa, mai kimanin kilomita 1,200. Daga wannan lokaci siffar keke ta zauna. Bambancin da ya biyo baya duka na manufa ne, wato wane ne zai hau, kuma ina za shi.

2. Zuriyar tsere

Tseren keke a Faransa ya girma ne tare da jaridu. A 1903 jaridar L'Auto, ƙarƙashin jagorancin Henri Desgrange, ta shirya zagayen Faransa na farko, wato Tour de France, domin ta ƙara kasuwa. Zango shida aka yi, jimillar kilomita 2,428. Mutum 60 suka tashi, 21 suka kai ƙarshe, Maurice Garin ya zo na ɗaya. A wurin Desgrange tsere gwajin wuya ne, kuma ya daɗe yana kallon na'urar sauya giya a matsayin kayan masu rauni. Saboda haka shekara da shekaru manyan ƴan tsere, in sun iso gindin dutse, sai su sauka su kwance ƙafar baya su juya ta, domin kowane gefe yana da nasa farantin haƙora. Sai a 1937 aka yarda kowa ya yi amfani da na'urar a wannan gasa.

Bugu da ƙari, akwai hukumar tseren keke ta duniya, UCI, wadda aka kafa a Faris a 1900. Ita ke yanke hukunci a kan abin da za a kira keken tsere. Alal misali, a 1933 Francis Faure ya kafa sabon tarihin nisan da ake yi cikin awa ɗaya bisa wani keke da ake tuƙawa a kishingiɗe, sai hukumar ta haramta irin wannan keke a gasa a 1934. Haka kuma a shekarar 2000 ta ƙayyade cewa nauyin keken gasa kada ya gaza kilo 6.8. Wannan yana nuna mana cewa siffar keken tsere ta biyo dokokin gasa ne, ba a duba lafiyar bayan magidanci ba wajen tsara ta.

Masana'antu kuwa suka yi ta gogayya. Tullio Campagnolo na Italiya ya ƙirƙiro makullin cire ƙafar keke ba tare da sifana ba, ya kafa kamfaninsa a 1933. Kamfanin Reynolds na Ingila ya fito da bututun ƙarfe mai lamba 531 a 1935, wanda ya yi shekaru yana mulkin gangar jikin kekunan tsere. A 1984 kamfanin Shimano na Japan ya kawo giyar da ke shiga daki-daki, a 1990 kuma ya haɗe hannun giya da na birki wuri guda. A 1984 ɗin dai kamfanin Look ya fito da fedar da takalmi ke maƙalewa a jikinta. A 1986 Greg LeMond ɗan Amurka ya cinye zagayen Faransa bisa keke mai bututun kabon, a 1989 kuma ya kada Laurent Fignon da daƙiƙa takwas kacal, da taimakon wani irin kan keke mai rage karo da iska.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan sauye-sauye an yi su ne domin saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu, wanda hawan keke ne sana'arsa, mota tana biye da shi da makaniki da ƙafafun canji. Shi ya sa aka sunkuyar da kan keken ƙasa sosai, aka sirance taya har ta koma milimita 23 ko ƙasa da haka, aka kuma sa giya mai nauyi.

3. Zuriyar yawo

A daidai lokacin da Desgrange ke mulkin tsere, akwai wani mutum a garin Santetiyen da ke kan wata hanya daban. Sunansa Paul de Vivie (1853-1930), an fi saninsa da laƙabin Vélocio. Ɗan kasuwar siliki ne da ya koma harkar keke, ya kafa mujallar Le Cycliste a ƙarshen shekarun 1880, kuma shi ake danganta wa kalmar cyclotourisme, wato yawon buɗe ido bisa keke. Garinsa yana tsakanin duwatsu, saboda haka ya ƙarar da rayuwarsa yana gwajin hanyoyin sauya giya, domin mutum ya iya hawa tudu ba tare da ya karya gwiwa ba. Ya bar wa almajiransa ƴan ƙa'idoji, daga ciki har da cewa mahayi ya ci abinci tun yunwa ba ta kama shi ba, ya sha ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba, kada kuma ya yi tuƙi don nuna isa. Shi kansa ya ci gaba da doguwar tafiya har bayan ya haura shekara saba'in.

Wannan zuriya ta bunƙasa bayan 1936, shekarar da gwamnatin Faransa ta ba ma'aikata hutun mako biyu da albashi. Leburori da akawu suka bazama ƙauyuka bisa keke. Maƙera irin su René Herse da Alex Singer suka riƙa ƙera kekuna masu lanƙwasasshen kai kamar na tsere, amma da taya mai faɗi, da giya mai sauƙi, da wurin ɗaura jaka. Daga baya, da mota ta yi araha a Turai a shekarun 1950 da 1960, wannan kasuwa ta ja baya, tallan kamfanoni ya karkata ga keken zakarun gasa.

Amma fa ba ta mutu ba. Tun farkon shekarun 2000 kamfanoni suka lura cewa yawancin masu sayen keken tsere ba sa shiga kowace gasa, kuma da yawansu sun haura arba'in. Sai aka fito da ƙananan farantan gaba masu haƙora 50 da 34, maimakon 52 da 42 ko 53 da 39 na da. A 2004 kamfanin Specialized ya fito da keken Roubaix mai ɗagaggen kai, sauran kamfanoni suka bi sahu, aka samu rukunin da ake kira keken juriya. Gwaje-gwaje kuma suka nuna cewa a hanya mai gargada taya mai faɗi da matsakaiciyar iska ba ta rage gudu. A 2018 hukumar UCI ta halatta birkin faifai a gasa, wanda ya buɗe wa taya mai faɗi wuri a jikin keke. A yau ƴan tseren kansu suna hawa tayar milimita 28 zuwa 32. Wato dai bayan shekara ɗari ra'ayin Vélocio ya yi rinjaye, har a gidan Desgrange.

4. Zuriyar kaya da shigowarta ƙasar Hausa

Keken da Bahaushe ya sani ba ya cikin waɗancan biyu. Shi ne baƙin keken Ingila mai nauyin kusan kilo 20, mai birkin sanda, da giya ɗaya, da sirdin fata mai sifirin, da kariya a baya. Wanda ya fi suna shi ne na kamfanin Raleigh, da aka kafa a Notingam a ƙarshen shekarun 1880. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan kantunan Nasara suka riƙa kwararowa arewa, kuɗin gyaɗa kuma suka ba manoma da ƴan kasuwa halin saye. Ko da yake Faransa ke mulkin Nijar, kasuwar Maraɗi da ta Damagaram Kano da Katsina suke fuskanta, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa kan Alhazan Maraɗi (1986). Ta wannan hanya keken Ingila ya zama gwarzon kekuna a ɓangarorin iyaka biyu, har kamfanin Raleigh ya kai ga kafa masana'anta a Kano. Daga baya kekunan Sin da na Indiya, irin su Phoenix na Shanghai da Hero, suka shigo da siffa iri ɗaya da farashi mai sauƙi.

Wannan keke dokin talaka ne. Malamin makaranta ya hau shi, ɗan koli ya ci kasuwannin ƙauye da shi, mai itace da mai ruwa suka yi masa lodi, yara kuma suka koyi tuƙi a wurin mai hayar keke, ƙafa ta ƙarƙashin sanda. Kowane gari yana da mai gyaransa, kowace kasuwa tana da kayansa. Mahayi yana zaune tsaye kyam, babbar rigarsa ba ta dame shi ba.

Matsayinsa ya fara raguwa ne da yawaitar babur. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta ninka kuɗin kayan Turai, ta ƙara tura kasuwa wajen kayan Asiya da na gwanjo. A shekarun 2000 baburan Sin masu araha suka cika gari, kabu-kabu ya wadata, keke ya koma abin hawan yara da na wanda ba shi da hali. Mutanen da suka sauka daga keke a wancan lokaci su ne masu son komawa a yau.

Keken tsere kuwa ya shigo yankinmu ta ƙofar wasanni. Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta fara zagayen ƙasarta, Tour du Faso, a 1987. A 2024 Biniam Girmay na Eritiriya ya cinye zango uku da koriyar riga a zagayen Faransa, a 2025 kuma birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi gasar duniya, karo na farko a Afirka. Waɗannan abubuwan alfahari ne, kuma suna cikin abin da ke sa wa magidanci sha'awar siririn keke. Sai dai sha'awar zakara daban, bukatar mai neman lafiya daban.

5. Abin da tarihi ke koya wa mai saye

Na farko, awo. A keken kaya girma ɗaya ya ishi gida duka, a keken tsere kuwa kowane mutum da nasa, kamar takalmi. Mai saye ya tsaya ƙafa biyu a ƙasa, keke a tsakani, ya tabbata akwai ƴar tazara tsakaninsa da sandar sama. Game da tsawon sirdi akwai ƙa'idar da LeMond ya yayata: a auna tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa matsematsi, a ninka da 0.883. Mai santimita 80 zai samu wajen santimita 71 daga tsakiyar ƙarfen feda zuwa saman sirdi. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa.

Na biyu, tsayin kai. Wanda ya saba da zama tsaye bisa Raleigh, kuma ya yi shekaru a kujerar ofis, bayansa ba zai ɗauki sunkuyon ɗan tsere ba. Ya nemi keken da kansa ya kusa daidai da sirdi, ya kuma iya kama birki ba tare da ya miƙe hannu sarai ba. Wannan ita ce siffar keken yawo na da, da keken juriya na yanzu.

Na uku, taya. Hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, kwalta ce, amma gefenta yashi ne da tsakuwa, kuma da an kauce mata sai burji. Ga tsidau da ƙayar aduwa. Tayar milimita 23 ta kekunan gwanjon shekarun 1990 ba a yi ta don wannan ba. A duba ko jikin keken zai karɓi tayar milimita 32, in bai kai ba, to kada ya gaza 28. Akwai kuma wani tarko da tarihi ya bari: ƙafar keken kaya da ta keken tsere duka ana ce musu inci 28, alhali faɗin da'irar ta farko milimita 635 ne, ta biyu kuwa 622. Tayar ɗaya ba ta shiga ɗaya. Bawul ɗinsu ma ya sha bamban, saboda haka famfon mai faci na bakin kasuwa ba lalle ya kama ba. Kafin a biya kuɗi a tabbatar da inda za a riƙa samun taya da robar ciki.

Na huɗu, giya. Ƙafar keken tsere tana cin wajen mita 2.1 a juyi ɗaya. A tsohon keke mai ƙaramin farantin gaba 42 da babban na baya 21, kowane juyin feda yana tura mutum mita 4.2, kuma wannan ita ce giyarsa mafi sauƙi. A keken yanzu mai 34 a gaba da 34 a baya, mita 2.1 ne, wato rabin ƙarfin da ake bukata. Ana iya cewa ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, amma mutumin Tawa ya san tuddan Adar, kuma duk wanda ya taɓa fuskantar iskar hunturu ya nufi gabas ya san cewa ita ma tudu ce.

Na biyar, gangar jiki da gyara. Rashin nauyi shi ne abin da mai sayarwa ke fara yabawa, yana ɗaga keke da yatsa biyu. Amma ga mutum mai kilo 85, bambancin keken kilo 8 da na kilo 10 kaɗan ne ƙwarai, musamman a hanya mara hawa, inda iska ce babbar abokiyar gaba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da zai faru ranar da keke ya lalace. Ƙarfe mai walda yana gyara shi. Alminiyam yana bukatar walda ta musamman. Kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki ido bai gani ba, kuma mai sayen gwanjo bai san faɗuwa nawa keken ya sha ba. Haka nan birkin faifai mai aiki da mai, da giyar lantarki da Shimano ya fito da ita a 2009, suna da kyau matuƙa, amma in sun tsaya sai mai kayan aikinsu. Birki da giya masu aiki da waya kowane makanikin keke yana gane kansu. Ɗan tseren Turai yana da mota a bayansa, mahayin hanyar Tasawa kuwa mai facin ƙauye ne gatansa.

Na shida, kada kuɗin duka su ƙare a kan keke. A rage na hular kwano, da fitila, da famfo, da gorar ruwa biyu. Fedar da ke riƙe takalmi a bar ta sai hannu ya faɗa. Mai hawan jini ko ciwon suga ya fara ganin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi da aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar, kuma a yanayinmu bayan sallar asuba ya fi dacewa, tun rana ba ta yi zafi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Kammalawa

Mun ga cewa daga keken Rover na 1885 zuriya uku suka fito. Ta tsere ta bi dokokin gasa da jikin samari. Ta yawo ta bi bukatar mutum mai son nisa ba tare da wahala ba, ta ja baya na wani lokaci, sa'an nan ta dawo da ƙarfi a wannan ƙarni. Ta kaya ita ce ta shigo ƙasar Hausa ta hanyar Kano, ta yi mana hidima har babur ya karɓe ta. Yawancin siraran kekunan da ke isowa kasuwanninmu a gwanjo ragowar zamanin siririyar taya ne da giya mai nauyi, wato an ƙera su kafin masana'antun su gyara ra'ayinsu. Saboda haka wanda zai koma hawan keke ya riƙe tambayoyi uku idan ya shiga kasuwa: don wane irin mahayi aka ƙera wannan keke, don wace irin hanya, kuma wa zai gyara shi a garinmu? In amsoshin sun dace da shi, ya saya ko da keken bai yi kyan gani ba. In ba su dace ba, tsohon Raleigh da ke rataye a ɗakin ajiya, in aka sa masa mai da sabuwar taya, ya isa ya fara da shi kafin a samu wanda ya dace.